Laimar Kwaɗi a Tukubar Baba Ɗanlami

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma safiyar da aka buɗe wani faranti a ƙofar gidan Hakimi a Makarfi, wannan kam ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni kuma ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin gona ba, aka turo ni garinmu a matsayin ƙaramin malamin gona. Ga sabon keke, ga gajeren wandon kaki da doguwar safa, ga alƙaluma biyu a aljihun gaba (ɗayan ba ya rubutu, amma wa ya sani?). In ka ga yadda nake tafiya a lokacin, sai ka rantse a hannuna Turawa suka damƙa ƙasar. Sai dai duk wannan taƙama, zuciyata ba ta ƙauye. Burina ɗaya ne, in samu a ɗauke ni aiki a wata cibiyar binciken noma da ke can Zariya, inda na ji ana sa farar riga, ana zama ƙarƙashin fanka, ba ruwan mutum da caɓi.

Ana tsakiyar marka sai ga baƙo daga cibiyar nan. Dakta Ishaya sunansa, mutumin kudancin Zariya, siriri mai tabarau, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ingila ba. Hakimi ya sa aka sauke shi a gidan baƙi, aka ce ni ne zan riƙa raka shi daji. Na ce a raina, ƙofar Zariya ce ta zo ta same ni har gida.

Ranar farko na tambaye shi, har da gyara murya, "Yallaɓai, me za mu bincika? Ƙasa ce ko iri?"

Ya ce, "Laimar kwaɗi."

Na yi dariya, don na zaci wasa yake. Na ga shi bai yi ba, sai na mayar da tawa dariyar tari.

To, ka san yadda muke da laimar kwaɗi a wajenmu. Abu ne da ke tsirowa a juji da bayan katanga in ruwa ya yi yawa, yara su bi shi da ƙafa, babba ko kallonsa ba ya yi. Ƙazanta muka ɗauke ta. Shi kuwa Dakta ya ce a garinsu akwai wadda ake sawa a miya, akwai kuma wadda in ka ci sai dai a yi wa iyalinka gaisuwa. Da muka shiga daji ya tsinko guda biyu ya kife su a tafin hannunsa. Ɗaya ƙasanta sala-sala ne kamar shafukan littafi. Ɗayar kuwa ƙasanta soso ne, cike da 'yan ƙananan huji.

Ya ce, "Masu soson nan nake nema. Bolet muke kiran danginsu. Ba a juji suke zama ba, da saiwar itace suke ƙawance, musamman doka. Turawa sun rubuta nasu tun daga kaka har jika. Namu kuwa babu wanda ya san ko iri nawa ne."

Ya ce wasu za ka gan su kamar tagwaye alhali ba su haɗa komai ba, wasu kuma ba su yi kama ba amma gidansu ɗaya. Gado ne a cikinsu irin na dawa da masara, sai dai ba a samu idon ganinsa ba tukuna. Saboda haka sai a bi su da launi, da ƙamshi, da irin itacen da suka tsiro a gindinsa, da wata ƙura mai laushi da ke zubowa daga soson, wadda ake dubawa a madubin ƙara girman abu. Kowace muka tsinta, sai ya ɗaura mata 'yar takarda da zare, mai nuna inda aka samo ta. In mun koma masauki a jera su a cikin wani akwatin ƙarfe mai raga, a kunna risho a ƙasa, wuta kaɗan-kaɗan, har su bushe. Busasshiyar ita ce shaida. In babu ita, in ji shi, duk abin da ka faɗa labari ne.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya fara ba ni sha'awa. Amma sha'awa daban, mutunci daban. Ni da ake ce wa Malamin Gona, a ji cewa laimar kwaɗi nake tsinta a daji? Sai na riƙa rufe kwandonmu da buhu in za mu shigo gari. Wanda duk ya tambaye ni, sai in rage murya in ce, "Binciken gwamnati ne, ba a magana a kai." Kafin a jima gari ya ɗauka. Wasu suka ce kuza aka gano, wasu suka ce zinariya, wani tsoho ma ya zo har gida yana roƙon kada a bi da hanyar jirgi ta gonarsa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kaɗa kai kawai nake yi irin na manya.

Rannan muna wani kurmin doka wajen Dandamisa, sai na gano ta. Na daɗe ina ba da labarin nan da cewa kaifin idona ne. Gaskiyar magana, ratsewa na yi in kama ruwa, saura kaɗan in tsuguna a kanta. Ƙatuwa ce, faɗinta ya kai murfin kwanon sha, ƙafarta ja, sosonta rawaya. Na ƙwala wa Dakta kira. Mutumin nan ya zo ya durƙusa a cikin laka da wandonsa mai guga, ya tono ta a hankali, ya ɗan yanki gefenta da wuƙa. Cikinta rawaya ne, amma muna kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi, sai ka ce an tsoma a marina. Na ce a'uzubillahi, na ja da baya. Shi kuwa sai ya ƙara matso da ita kusa da idonsa.

Ya ce, "Malam, akwai masu yin shuɗi da yawa, amma wannan ban taɓa ganin ta a littafin kowa ba."

Muka karaɗe kurmin nan har rana ta karkata, ba mu sami ta biyu ba. A hanyar komawa yake gaya mini cewa in aka tabbatar sabuwa ce, wani lokaci akan raɗa mata sunan wanda ya gano ta. Ya kuma ce yana neman mataimaki mai ido a Zariya, ko ina da ra'ayi? Ko ina da ra'ayi! Saura kaɗan in faɗo daga kan keke.

Ina isa gida na shaida wa mahaifina cewa sunana zai shiga littafi a Ingila, kuma na kusa komawa Zariya. Ban gaya masa ta wace hanya ba, shi kuma bai tambaya ba. Malamin allo ne mai ƙarancin magana, almajiransa na tsoronsa, amma ranar na ga ya yi murmushi. Washegari bayan sallar asuba ya faɗa wa mutum biyu a masallaci, wanda a garinmu daidai yake da a ba sanƙira.

Ana gobe Dakta zai koma, ya ce zai leƙa Kudan da Likoro, sai da safe zai dawo. Ya bar ni da akwatin busarwa, cike da abin da muka tsinto a kwanakin ƙarshe, har da babbar tawa a saman raga. Ya ce, "Wuta kaɗan-kaɗan, Malam. Kada ka yi mata gaggawa." Na ce ya tafi abinsa, ya bar komai a hannun masani.

Motarsa na ɓacewa na ƙara wa risho wuta. Tunanina shi ne, in ƙaramar wuta za ta kai gobe, babba ai kafin azahar ta gama. Risho ya yi wata irin ƙara, ya tashi da harshen wuta ja, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Na kwance shi na ɗaura, na kwance na ɗaura, har wasu ƙarafa suka yi saura a ƙasa ban san mazauninsu ba. Akwai risho a wajen malamin asibiti, amma in na je aro sai ya tambaye ni na mene ne. Rana kuwa babu, ruwa ake tsugawa tun safe. Su kuma masu soson nan ba su da haƙuri. Kafin la'asar ɗakin ya fara wani wari, na duba na ga 'yan tsutsotsi sun fara leƙowa daga wasu.

Ina zaune na yi tagumi sai dabara ta faɗo mini. Wa ya fi kowa sanin wuta kaɗan-kaɗan a Makarfi? Baba Ɗanlami mai tsire. Tsohon mahauci ne, tukubarsa na bakin kasuwa, kuma in ya yi maka banda sai ta yi wata ba ta lalace ba. Wallahi a lokacin sai da na yaba wa kaina. Na ce ga bambancin wanda ya haɗa boko da sanin gida.

Na kwashe su a kwando, na rufe da buhu, na bi ta lungu. Abin da ban lissafa ba shi ne ruwan sama ya tara 'yan majalisa a rumfar Baba. Ga tela, ga mai gyaran keke, ga dillalan hatsi, duk an zagaye wuta ana hira. Suna ganina da rufaffen kwandon nan hira ta tsaya.

Na gaida Baba, na tambayi gida da kasuwa da ruwa, sannan na ja shi gefe. Ya ɗaga bakin buhu ya leƙa. Ya dube ni. Ya sake leƙawa.

"Malamin Gona, wannan ai..."

Na yi maza na ce, "Kayan baƙon Hakimi ne, Baba."

"Au. To, na mene ne? Me za a yi da shi?"

Tambaya ce mai kyau, ka ga. Da na amsa ta, da yau wani labarin nake ba ka. Amma na waiga na ga 'yan majalisa sun miƙo wuya, tela har ya tura hularsa baya don kunne ya samu hanya. Sai na ɗaga kafaɗa na ce, "Baba, ba abin da za ka gane ba ne. Ka dai busar mini da shi a hankali, kada ya ƙone. Gobe zai tafi da shi Zariya, daga can har Ingila. Ka yi masa aikin da ka fi iyawa."

Ya ce, "Har Ingila?" Ya gyara zaman hularsa. "To, shi ke nan. In sha Allahu ba za a ji kunya ba."

Na koma gida na yi barci mai daɗi.

Niyyata in je in karɓo da sassafe, amma ina fitowa sai ga motar Dakta. Ya ce in shigo mu je mu yi wa Hakimi sallama tun bai shiga gida ba. A mota ya tambaye ni, "Yaya kayanmu?" Na ce, "Sun bushe ƙayau, Yallaɓai. Rishon ya ba da matsala, amma na yi musu wata dabara ta gida. Muna gama sallama zan nuna maka." Ya ce madalla.

Ƙofar gidan Hakimi cike take. Jama'a sun ji baƙo zai tafi, kowa na son ya ji ko a gonar wa zinariyar take. Mahaifina ma na hango shi a gefe, da babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Muka zube muka yi gaisuwa. Dakta ya yi godiya da Hausarsa mai daɗi, sannan ya nuna ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan yaro naku yana da ido. Ya gano abin da nake jin ba a taɓa rubuta shi ba a duniya." Aka ɗauki "Masha Allah" ta ko'ina. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ina satar kallon mahaifina.

Sai na ji sallama daga baya.

Baba Ɗanlami ne, da wankakkiyar riga, ɗauke da ƙaton faranti an rufe da faifai. Ka san al'adar, abin da aka yi wa baƙon Hakimi ba ya wucewa ta bayan gida, sai an kawo gaban mai gari ya gani ya sa albarka. Ni na san al'adar nan sarai. Mantawa na yi cewa da bakina na ce kayan baƙon Hakimi ne.

Ya durƙusa ya ajiye. "Ranka ya daɗe, guzurin baƙonka ne. Na ce bai kamata ya tafi ba ka gani ba."

Tun kafin a ɗaga faifan ƙamshi ya iso ni. Aka ɗaga. Jama'a, aiki ya yi kyau! An yanka su sala-sala kamar kilishi, an tsoma a labu, an barbaɗe da ƙuli da yaji, sun sha man gyaɗa sai ƙyalli suke. An zagaye gefen faranti da yankakkiyar albasa. Ja da fara da rawaya, ta Dandamisa da ta hanyar Ikara, duk sun zama abu ɗaya.

Baba ya ci gaba da bayani, yana kallon Dakta cike da alfahari. "Na cire 'yan takardun nan da zaren, kada baƙo ya haɗiye. Soson nan na ƙasa ma duk na kankare shi, na ga kamar ya fara lalacewa."

Hakimi ya leƙa ya ce, "Kai, Ɗanlami, naman mene ne wannan?"

"Laimar kwaɗi ce, ranka ya daɗe. Ita Malamin Gona ya kawo mini jiya a rufaffen kwandon nan nasu."

Can daga baya wani (har yau ina zargin telan nan ne) ya ce, "Ashe zinariyar ke nan." Sai dariya ta ɓarke. Fadawa na ce wa mutane a yi hattara, su ma kafaɗunsu na rawa. Wani bafade ya miƙa hannu zai ɗanɗana, Dakta ya daka tsawa, "Kada kowa ya taɓa! Akwai masu kisa a ciki!" Bafaden ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Dakta ya matso gaban farantin, yana juya su da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, babbar fa? Mai jan ƙafa?"

"Wadda ke yin shuɗi in an yanka? Ai da ita na ɗanɗana gishiri. Ni ba na fitar da abin da ban ɗanɗana ba, ko na wane ne. Kuma na ga launinta bai dace a kai gaban baƙo ba, sai na ƙarasa ta."

"Duka?"

"Duka, Likita. Ban taɓa zaton abin nan na ciwuwa ba. Wallahi ta fi hanta laushi."

Dakta ya zauna daɓas a ƙasa, ya cire tabarau, ya rufe fuska da hannu. Na zaci kuka yake. Da ya buɗe sai na ga hawaye ne da dariya a haɗe, ban san wanne ya fi yawa ba. Nan take ya miƙe ya kama Baba yana duba idonsa, yana tambayar ko cikinsa na murɗawa, ko yana ganin jiri. Baba ya ce shi garau yake, ya ma karya da koko. Sai a sannan ya fara gane cewa akwai matsala, fuskarsa ta canza. Ya juya wajen Hakimi.

"Ranka ya daɗe, ni fa na tambaye shi. Ga tela nan shaida ne. Na ce na mene ne, ya ce ba abin da zan gane ba ne, in yi aikin da na fi iyawa. To, ni wannan na fi iyawa."

Duk idon da ke ƙofar gidan nan ya dawo kaina. Ina tsaye da doguwar safata, gumi na bin bayana. Mahaifina ya taso a hankali, ya zo ya leƙa farantin, ya dube ni, ya ce, "Wannan ne littafin?" Bai jira amsa ba, ya tattara rigarsa ya nufi gida. Da mari ya yi mini a gaban jama'a, da ya fi mini sauƙi.

Dakta bai tafi ba sai bayan azahar. Ya zaunar da Baba a inuwa yana gadinsa, har ya tabbatar babu abin da zai same shi. Ya ce wa Hakimi, "To, ranka ya daɗe, aƙalla mun gano abu ɗaya. Ba ta kashe mahauci." Aka sake dariya, ban da ni.

Da zai shiga mota ya kira ni gefe. Na shirya jin zagi, amma bai zage ni ba. Ya ce, "Malam, tukubar nan dabara ce mai kyau, ni ma zan yi amfani da ita. Da ka gaya wa tsohon nan gaskiya, da ya busar da su fiye da rishona." Ya goge tabarau. "Ni an yi mini dariya a Ingila, an yi mini a garinmu, yau ga ta Makarfi. Aikin nan da dariyar mutane tare suke tafiya. Wanda ke jin kunyar abin da yake bincike ba zan iya barin sa da ɗakin bincike ba."

Bai ƙara ambaton Zariya ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana, kuma a nan ne abin ya yi mini ciwo na gaske, don na san gaskiya ya faɗa.

Damina da yawa bayan nan na riƙa komawa kurmin dokan nan ni kaɗai, ko Allah zai sa ta sake fitowa in aika masa. Ban sake ganin ta ba, daga baya ma aka sare wurin aka yi gonaki. A malamin gona na fara, a malamin gona na yi ritaya. Baba Ɗanlami kuwa har ya rasu bai daina tsokanata ba. In na zo sayen tsire sai ya riƙe wuƙa ya ce, "Malamin Gona, na ci ne ko na karatu?"

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ba mutum aiki, gaya masa na mene ne, ko da zai yi maka dariya, don gara mutum ɗaya ya dara a gefen rumfa da gari guda ya dara a gaban ubanka. Na riƙe wannan darasi har ya yi yawa. Yanzu ko allura zan aika a sayo mini, sai na bayyana abin da zan ɗinka da dalilin yagewarsa. Jikokina in suka ji na ce "Wa ke nan kusa?" sai kowa ya tuna bai yi salla ba.